Cefane da gashin nama a gidan masu masauki a ƙasar waje: tambayoyin da aka fi yi mini

Tun da na dawo daga karatu, da wuya mako ya wuce ba a yi sallama da ni a gida nan Runjin Sambo a Sakkwato ba, ko ɗalibin da ya samu gurbin karatu, ko uwar da ɗanta zai tafi. Na zauna wata 11 a gidan wani dattijo da matarsa a wani ƙaramin gari na kudancin Jamus, daga baya na yi mako 6 a gidan wasu mutanen a Ingila. Masu zuwa sukan fara da maganar biza da sanyi, amma in hira ta yi nisa sai a gangaro kan ciki: me zan ci, a ina zan saya, zan samu damar gasa nama? Ta wajen uwa ni jinin rundawa ne, kawuna yana da tukuba tun ban san kaina ba, shi ya sa ake kawo mini waɗannan tambayoyi. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, da amsar da nake bayarwa.

Yaya, in tafi da kilishi? Inna ta riga ta bayar a yi mini mai yawa.

Ƙanena, ka ba Inna haƙuri, a ci kilishin nan a gida kafin ka tashi. Ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila ba su yarda matafiyi ya shigo da nama ko madara ko abin da aka sarrafa da su daga ƙasashe irin tamu ba. Amurka ma ba ta barin naman. Busasshe ne ko ɗanye, duk ɗaya ne a wurinsu, domin abin da suke gudu shi ne cututtukan dabbobi irin ciwon baki da kofato. Dambun nama, soyayyen naman Sallah, man shanu da cuku duk sun shiga cikin hanin na Turai.

Ni na tafi da shi saboda ban sani ba, kuma ban tambaya ba. A filin jirgi aka tambaye ni ko ina ɗauke da abinci, na ce e, aka buɗe jaka aka kwashe kilishin gaba ɗaya. Ba a ci ni tara ba tunda na faɗa da bakina, amma wanda ya ɓoye aka gano ana iya cin sa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ga wahalar da kawuna ya sha a kansa, ya yanyana tsokar ta yi kamar takarda, ya shanya, ya tsoma a labu, ya sake shanyawa. Har yau ban manta da fuskarsa ba lokacin da na ba shi labari.

Busasshen kifi kuwa Turai da Ingila suna bari har kilo 20. Yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa galibi suna wucewa in an ɗaure su da kyau an rubuta sunan kowane a jiki. In an tambaye ka, ka faɗi duk abin da ke cikin jakar.

An ce gidan da zan sauka su ne za su ciyar da ni. To sai na yi cefane kuma?

Ka tambaye su a rubuce tun kana nan: sau nawa a rana, ranakun hutu fa, kuma me ya rage a kanka. Wasu gidajen karin safe da na dare suke bayarwa, wasu ɗaki kawai da izinin shiga kicin. Na san tambayar tana da nauyi a bakin Basakkwace. An rene mu a kan baƙonka annabinka, kuma baƙon kirki ba ya tambayar abinci. In aka yi masa tayi ma sai ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, a sake, a kuma sakewa, sannan ya sa hannu. A can tayin sau ɗaya ne, kuma abin da ka faɗa shi ake ɗauka.

Daren da na sauka, uwargidan ta ce in zo mu ci. Na ce na ƙoshi, ina jiran ta ƙara magana. Ta ɗauke farantina ta mayar da shi. Dare 3 a jere haka ta faru, ina kwana da yunwa, ita kuma tana kwana da tunanin cewa ƙyamar girkinta nake yi. Ranar da gaskiya ta fito, dattijuwar nan idonta ya ciko da hawaye, ta ce me ya sa ban faɗa ba. Karar da a gida ake yabon mutum da ita, a can ta cutar da ni ta kuma cutar da wadda ke son kyautata mini. Tun daga ranar na ɗauki alkawari da kaina cewa abin da ya shafi ci da sha da kuɗi zan riƙa faɗarsa a fili cikin ladabi.

Ka kuma san cewa abincin dare a gidajen Jamusawa da yawa mai sanyi ne: burodi, cuku, yankakken nama da kokwamba. In cikinka ya saba da tuwo da zafinsa, za ka buƙaci naka cefanen ko da suna ciyar da kai. Ka nemi a ba ka hawa ɗaya a firij. Abin da ke sauran hawan kada ka taɓa sai ka tambaya. In kun je kanti tare suka raba kuɗi a kan rasit har zuwa senti na ƙarshe, kada ka kira shi rowa. A tarbiyyarsu hakan ne adalci, don kada wani ya ji an ɗora masa nauyi. Mutanen da suka karɓi senti 40 na madara daga hannuna su ne suka yi tuƙin awa biyu cikin ƙanƙara don su kai ni masallacin Idi.

Wani abu a gefe: sun so in riƙa kiransu da sunayensu na yanka, bakina ya kasa. Na bayyana musu cewa a wurinmu ba a kiran sa'an uba da suna gatsau. Daga nan suka zama Baba da Inna, kuma sun ji daɗin hakan ƙwarai.

Mene ne bambancin kantinsu da kasuwarmu?

A Kasuwar Daji kana isa wurin mai nama sai an gaisa, an tambayi gida da aiki, ka yi tayi ya ce albarka, ka ƙara ya sallama, ya ɗora maka gyara. A babban kantin can babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Farashi yana rubuce, kuma a ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe akwai kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya. Wannan ƙaramin rubutun shi za ka riƙa dubawa, da shi ake gane wane ƙunshi ne ya fi araha. Mu mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, su kuwa sikeli ne kawai ke magana. Mai tafiya Amurka ya lura cewa a yawancin jihohi ana ƙara haraji a wurin biya a kan farashin da ya gani a jikin wasu kayan, kuma nama da ma'aunin fam ake sayar da shi, wato giram 454.

Keken zuba kaya a ɗaure yake da sarƙa, sai ka sa kwabo na Yuro 1 ko senti 50, a Ingila fam 1, in ka mayar da shi kuɗinka su fito. Ka tafi da jakarka. Ingila tana cajin akalla fene 10 a kan leda tun 2021, Jamus kuma ta hana ledojin cefane na roba marasa kauri tun farkon 2022. A kantuna masu araha irin Aldi da Lidl mai karɓar kuɗi tana da saurin hannu sosai, kuma ba mai ɗaure maka kaya. Dabarar da Inna ta koya mini ita ce in mayar da komai cikin keken, in biya, in koma gefe in shirya a natse.

A Jamus kada ka jefar da gorar ruwa ko gwangwanin lemo. Ka biya ajiya a kan kowace tun wurin saye, yawanci senti 25. Akwai na'ura a bakin kanti, ka zura mata su ta ba ka takarda a cire maka daga cefanenka. Ruwan gora kuma ka karanta, mafi yawansa mai gas ne. Na famfo ana sha lafiya lau.

Gaisuwar kasuwa ce na fi kewa. Na same ta a shagunan Turkawa da Larabawa, inda in ka yi sallama za a amsa maka da fara'a, wani lokaci har a ƙara maka ganyen na'ana'a a kan cefane.

Da gaske ne ba a buɗe kanti ranar Lahadi?

A Jamus da gaske ne. Manyan kantuna a rufe suke ranar Lahadi da ranakun hutu, sai gidajen mai, wasu shagunan manyan tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama, da gidajen burodi na 'yan awoyi da safe, kuma da tsada. A Ingila dokar 1994 ta ba manyan kantuna awa 6 kacal tsakanin 10 na safe da 6 na yamma. Gashin nama kuwa ranar Lahadi aka fi yin sa. Saboda haka nama da gawayi da albasa duk a saye su tun Asabar da rana.

Malam, ina zan samu naman halal, kuma ta yaya zan gane naman alade?

Ka fara da masallaci. Ranar Juma'ar farko ka tambayi wanda ke kusa da kai a sahu inda yake sayen nama. A Jamus mahautan Musulmi galibi Turkawa ne da Larabawa, a Ingila 'yan Pakistan da Bangaladesh da Somaliya, kuma a can za ka ga tambarin hukumomin tantancewa irin HMC da HFA a jikin shago. A babban birni abin ba wuya. A ƙaramin gari irin wanda na zauna sai na shiga jirgin ƙasa na minti 40, don haka nakan sayo na mako biyu in rarraba a leda in sa a firiza, bayan na nemi izinin Inna, tunda firizar tata ce.

Game da naman babban kanti na sa ko kaza, malamai sun yi saɓani. Akwai masu kafa hujja da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida a kan abincin Ahlul Kitabi, akwai masu cewa yadda ake sumar da dabba da yadda inji ke yanka ya fitar da shi daga wannan hukunci. Ka zauna da malaminka kafin ka tafi, ka tafi da matsaya, don kada ka tsaya a gaban firij kana waswasi. Ni na tsaya a kan mahaucin Musulmi, in ban samu ba in ci kifi da ƙwai.

Alade kuwa ya fi ɓuya a inda ba ka zata. A Jamus ka haddace kalmomin nan: Schwein, Schinken, Speck, Schmalz. Niƙaƙƙen naman da aka rubuta wa gemischt haɗin sa da alade ne. Tsiran Turawa da aka zana kaza a jikin ledarsa ma yakan ƙunshi kitsen alade, sai ka juya baya ka karanta jerin abin da ke ciki. Alewa mai danƙo da wasu nau'o'in yogot da kek suna da jelatin, sinadarin da ke sa abu ya yi danƙo, wanda a Turai yawanci daga fatar alade ake samo shi. Da farko karatun yana cin lokaci. Bayan wata guda za ka san kayanka da ido.

Sun gayyace ni gashin nama a bayan gida, za a gasa alade, za a sha giya. In je ko in ba da uzuri?

Wannan tana daga cikin waɗanda suka fi damun mutane, kuma ina ganin ta cancanci a tsaya a kanta. Gashi a lambu lokacin bazara babban abu ne a rayuwarsu. Wata da watanni suna cikin duhu da sanyi, rana tana fitowa kowa ya jawo murhunsa waje. In masu masaukinka suka ce ka zo, suna nufin sun ɗauke ka ɗan gida. Ƙarya a kan ciwon kai za ta fitar da kai sau ɗaya, amma bazara wata uku ce ko fiye, kuma daga tagar ɗakinka za ka riƙa jin su.

Abin da na yi shi ne na sami Baba kwana biyu kafin ranar, na ce masa ina son zuwa, amma addinina ya hana ni alade da giya, kuma namana ba zai taɓa wayar da aka gasa alade a kanta ba, ko maiƙonsa, ko cokalin juya shi. Ina faɗa gabana yana faɗuwa. Ya saurara, ya yi tambaya biyu, washegari ya dawo da sabuwar waya ƙarama da mamatsin nama, ya ɗaura musu jan zare don kowa ya san nawa ne. Mutanen nan sun saba da masu cin ganye zalla da masu cutar da ke hana su wani abinci. Bayani a fili ba ya ba su haushi. Wanda ya karɓi faranti ya tura shi gefe bai ce komai ba, shi ne yake ɓata musu rai.

In babu waya ta biyu, farantin alminiyam na gashi da ake sayarwa a kowane kanti ya wadatar, ko kuma a fara gasa naka a kan wankakkiyar waya kafin a ɗora nasu. Ka lura da abu biyu. Wasu suna yayyafa giya a kan nama yana kan wuta, wasu kuma suna jiƙa shi a ruwan inabi mai sa maye tun dare. Sannan naman da ake sayarwa da kayan yaji a jikinsa, ja-ja ko kore-kore, mafi yawansa wuyan alade ne, launin yajin ya rufe shi.

Zama a teburin da ake shan giya magana ce ta daban wadda za ka kai wa malaminka. Ni nakan zo da wuri, in tsaya a wurin wuta inda aiki yake, in ci tare da su, in shaye-shaye ya fara yawa in yi godiya in shige.

Kada kuma ka yi mamaki in aka ce kowa ya zo da namansa. A Sakkwato wanda ya gayyace ka walima ya ce ka zo da abincinka ya zage ka. A Jamus al'ada ce sananniya: mai gida ya ba da wuta da wuri, baƙi su zo da nama da salak da abin sha. Gare mu ma sauƙi ne, tunda ka san abin da ka kawo.

Ɗiyata mai kunya ce ƙwarai, Malam. Ina tsoron ta zauna da yunwa ba ta iya magana ba.

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, domin ni namiji ma ya faru da ni. Ki sa ta rubuta wa uwargidan saƙo tun kafin ta tashi, gajere: ga abin da ba na ci, ga abin da nake so in riƙa dafawa da kaina, yaushe kicin yake zama babu kowa. Abin da baki ya kasa, rubutu yakan iya. Ki kuma gaya mata ta ba da labarin daddawa da busasshen kifi kafin ta ɗora tukunya, ta buɗe taga, ta kunna fankar hayaƙi. Gidajensu a rufe suke ruf, ƙamshin miyar kuka yakan kwana biyu a labule. In ta ɗiba musu suka ɗanɗana, yawanci daga nan ake zama abokai.

Ina son in yi musu tsire irin na gida. Wane nama zan saya, kuma ina zan samu ƙuli?

Madalla, wannan ita ce tukwicin da ya fi kowane. Ka nemi tsokar cinyar sa marar jijiya. Ka nuna wa mahaucin hoton tsire a waya ka roƙe shi ya yanka maka falle-falle. In bai iya ba, ka sa naman a firiza kamar awa ɗaya ya ɗan ƙanƙare, zai yanku siriri a hannunka. Don balangu, karfata da haƙarƙarin rago sun fi. Dabbobinsu ba sa yawon kiwo irin namu, ragon ma ƙarami ake yankawa, saboda haka naman yana da laushi da kitse, yana nuna da wuri, kuma kitsen yana ɗiga ya tayar da harshen wuta. Ka tara garwashi a gefe ɗaya, ka bar gefe ɗaya babu, don ka samu inda za ka janye nama. Naman akuya da muka saba da shi, mu masu jar akuyar da fatarta ta yi suna a duniya, da wuya ka gan shi a babban kanti. Sai shagunan 'yan Afirka da 'yan Asiya, kuma yawanci daskararre.

In ba ka zo da garin ƙuli ba, kada ka maye gurbinsa da man gyaɗar shafa wa burodi. Yana da mai da yawa, wani ma har da sukari, yana ƙonewa tun nama bai nuna ba. Ka sayi soyayyar gyaɗa marar gishiri, ka niƙa, ka zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan kana murzawa har mai ya fito, ka matse tunkuzar, ka soya ta ta bushe, ka daka. Ka haɗa da citta, barkono, tafarnuwa, gishiri da dunƙule. Citta da kanumfari suna ko'ina, kimba da masoro irin namu sai shagon 'yan Afirka. Tsinken katako a jiƙa shi a ruwa rabin awa. Barkono kuwa ka rage shi sosai a jikin naman, ka ajiye yaji mai zafi a gefe ga mai so.

Kajinsu manya ne, waje yakan ƙone ciki da jini. Yawancin gidaje suna da ma'aunin zafin nama, ka soka a tsakiyar tsoka ka ga ya kai digiri 75. Farantin da ya ɗauki ɗanye kada ya ɗauki gasasshe. In su ne ke gasa maka naman sa, ka ce kana son ya nuna sosai, domin da yawansu da ja a ciki suke ci.

Na ji an ce gyaɗa tana kashe wasu a can. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ina roƙonka kada ka ɗauke shi wasa. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan. Ɗan burbushi ya isa ya kumbura musu maƙogwaro numfashi ya tsaya cikin mintuna, yara sun fi shiga haɗarin. Shi ya sa dokar Turai ta tilasta a bayyana abubuwa 14 masu tayar da irin wannan cuta a jikin abinci, gyaɗa da riɗi suna ciki. Baturen da ya ga tsire ba zai taɓa kawowa a ransa cewa jan garin nan gyaɗa ce ba. Kafin ka ɗora tsinke ɗaya a wuta, ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji, ka tambayi iyayen yara ɗaya bayan ɗaya. In akwai mai cutar, a gasa nasa daban a waya daban, da man da ba na gyaɗa ba. Lambar gaggawa ita ce 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Ingila, 911 a Amurka.

A ina aka yarda in hura wuta?

Inda mai gida ya nuna maka. A gidajen haya masu hawa, yarjejeniyar haya takan hana gawayi a baranda, wani wurin sai murhun lantarki ko na gas. In hayaƙi ya shiga tagar maƙwabci ya kai ƙara, mai masaukinka ne zai amsa, kai kuwa ka tafi ka bar shi da maƙwabtansa. A wuraren shaƙatawa akwai inda aka keɓe don gashi da allo a kafe, sauran wurin tara ce. A jihohin Jamus da yawa an hana kunna wuta a cikin daji ko ƙasa da mita 100 daga bakinsa, kuma in fari ya yi tsanani ana rufe har wuraren da aka keɓe.

Lokaci ma abin lura ne. Mu tsire abincin dare ne, bayan Isha'i ake cika wurin mai tukuba. A Jamus daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne da doka ta sani. A watan Yuni kuwa Magariba ba ta yi sai wajen 9 da rabi. Wanda ya jira faɗuwar rana kafin ya hura wuta ya makara. In an ce ƙarfe 6, wuta ta zama garwashi kafin 6.

Sai wadda ta fi duka nauyi. Ko ana ruwa, ko sanyi ya kai inda ya kai, kada ka shigar da gawayi cikin ɗaki ko gareji ko tanti. Mun saba ganin ana shiga da kaskon wuta ɗaki lokacin hunturu, wanda a nan ma haɗari ne duk da ɗakunanmu suna shan iska. Gidajensu gilashi biyu ne a taga, ƙofa da roba a baki, iska ba ta ratsawa. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai ne da jiri da barci, daga nan sai gawa. Murhun da ka ga kamar ya mutu ma yana ci gaba da fitar da ita awoyi bayan an gama. A bar shi a waje har gari ya waye.

Gawayinsu irin namu ne?

Iri biyu ne. Akwai na itace kamar namu, mai saurin kamawa da saurin cinyewa, shi ya fi dacewa da tsire. Akwai dunƙulalle da aka matse a inji, yana ɗaukar fiye da rabin awa kafin ya yi fari, amma yana daɗewa, ya dace da kaza da balangu. Ba a hura wuta da kananzir ko fetur ko leda. Ana sayar da 'yan dunƙulen kunna wuta kusa da buhunan gawayin. Da kaka ta wuce gawayi yakan ɓace daga kantuna, sai gidan mai ko shagon kayan gini. Toka kuma a bar ta ta huce sarai, kwana ɗaya ko biyu, sannan a zuba ta a kwandon sharar da ba a sake sarrafawa. Ka tambayi Innar gidan wanne ne, domin kwandunan suna da yawa kuma kowane da launinsa.

Zan iya tafiya da wuƙata wurin shaƙatawa in yanka nama a can?

Ka yanka komai a kicin ka tsire shi a tsinke kafin ka fita. A Ingila laifi ne yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in ban da 'yar ƙaramar mai naɗewa da kaifinta bai wuce inci 3 ba. Jamus ma tana da nata hanin a kan dogayen wuƙaƙe. Baƙo ba ya buƙatar tsayawa yi wa ɗan sanda bayani a harshen da bai gama iyawa ba.

Babbar Sallah za ta same ni a can. Zan iya yanka rago a bayan gida?

A'a. A Turai da Ingila yanka irin na addini sai a mayanka mai lasisi, kuma wanda ya yi a lambu ya jawo wa kansa da mai gidansa shari'a. Na san abin da zuciyarka ke tunawa: safiyar Sallah a Sakkwato, raguna a banƙare a kan itace an jera su sun kewaye wuta a ƙofar gida, hayaƙi ya rufe unguwa, yara suna kai da kawowa. Ranar ce kewar gida ta fi kama ni a duk zamana.

Hanya biyu ce. Ko ka aiko da kuɗi gida a yanka maka a raba wa dangi da mabuƙata, ko ka rubuta sunanka a wurin mahaucin Musulmi makonni kafin Sallah, shi ya kai mayanka a yanka da sunanka bayan an sauko Idi. Naman yakan iso a rana ta biyu ko ta uku, a yanke cikin kwali. Kafin ka biya ka auna firizar gidan da idonka, ka kuma nemi izini, domin rago guda yana cin wuri.

Ni na bi hanya ta biyu. Ranar da naman ya zo muka fitar da murhu, Baba ya karɓi maficin da na zo da shi daga gida ya ce shi ne mai fifita wuta, ni ina juya tsire. Da na ce zan kai wa maƙwabta kasonsu, Inna ta ce in dakata ta sa takalmi ta raka ni, domin a garin ba a saba ganin baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa da ɗanyen nama a hannu ba. Gida 5 muka shiga, a kowane ita ke fara bayani, ni in miƙa. In za ka yi rabon, ka ɗaure kowane kaso a leda mai tsabta, ka rubuta ranar yanka a jiki, kuma ka tafi da ɗan gida.